Goje Ya Sha Kanwa

"Ina kwana, tsohuwa? Ashe yau ma kin tashi."

"Na tashi, sai ka mutu da baƙin ciki. Gumbar sadakata da kake jira, geronta ma ba a shuka ba."

Iya Cindo ce ta mayar da wannan amsa, tana zaune a kan kujera 'yar tsugune a ƙofar gidansu, a wani ƙauye da ke kusa da Sule Tankarkar. Ga wata ƙwarya a gefen ƙafarta an rufe da faifai. Wanda ta mayar wa amsar kuwa jikanta ne, Habibullah, wanda rabin jikinsa ke cikin bakin mota, ba ka ganin komai nasa sai wando da silifas. Sunan marigayi mijinta aka sa masa, saboda haka ba ta taɓa kama sunan da bakinta ba. Maigida take ce masa, kuma tun yana zanen goyo take kai ƙararsa wurin duk mai saurare cewa ba ya cefane.

Motar a-kori-kura ce fara mai shan gas, amma a bakin Iya sunanta Goje. Goje shi ne babban bijimin da ya rage mata a cikin shanun da mijinta ya bari, kuma shi ta sa aka kai Maigatari tare da 'yan uwansa aka sayar don yaron nan ya samu abin yi. Tun daga ranar, duk abin da ake ci a gidan daga bayan motar nan yake saukowa. To jiya ta tafasa a Gagarawa Tasha da lodin zoɓo a kanta, da ƙyar aka lallaɓa ta zuwa Gumel. Usaini bakanike ya liƙe inda lagireto ke yoyo, ya kuma gaya wa Habibullah ba tare da ɓoye-ɓoye ba cewa in ta sake yin zafi irin wannan, inji zai buga. Ga shi gobe Alhamis, kasuwar Maigatari.

"Wancan jan abin na cikin galan fa?" in ji Iya, tana nuni da haɓa. "Kai da ke jigilar zoɓo buhu-buhu, shi ne ka je ka sayo jiƙaƙƙe?"

"Ba zoɓo ba ne, ruwan lagireto ne, mai sanyaya inji. Kuma guba ne, kada kwaɗayi ya ja ki. Ko da yake in kin matsa, ga kofi."

"Ka fara kurɓa, ai miji ke buɗe kwano. Wancan karon ba kore ka kawo ba?"

"Kore na kawo. Usaini ya ce injin nan ja yake so, kuma ba a haɗa su. In ja ya tarar da kore a ciki sai su dame su zama kunu, su toshe hanya. Dole sai na zubar da tsohon kaf, na wanke cikin, sannan in zuba sabo."

"Ikon Allah. Namiji da gemu yana zaɓen ruwa da launi kamar mai sayen atamfa. Kakanka da kororo ɗaya ya shayar da garke, ba wanda ya ce masa ja ko kore."

"Shi ya sa ya zaɓo ki. Mutum ne da ba ya duba abu kafin ya ɗauka."

"Ya duba, ja'iri. Daga nan har Damagaram ba a yi mai wuyana ba."

"Wuyan kam yana nan, haƙoran ne suka yi hijira."

Iya ta yi tsaki, amma a ranta daɗi take ji. Duk ranar da yaron nan bai tsokane ta ba, abinci ma ba ya yi mata ɗanɗano. Ta bi shi da ido ya taɓa lagireton da bayan hannu ya tabbatar ya huce, sannan ya murɗe murfin, ya tura tsohon daro ƙarƙashin motar, ya kwanta rigingine ya kwance wani ɗan famfo. Ruwa ya fara zubowa, ba kore ba, ba ja ba, wani irin ruwan toka mai kauri.

"Kore mini awakin can, Iya. Zaƙi gare shi, in suka lasa sai dai wuƙa."

"Auren ke nan, ni ce kiwo ni ce tsaro," in ji ta, ta wurga wa awakin ɗan dutse.

Ya fito yana kakkaɓe baya, ya juya murfin lagireton a hannunsa. Wani farin abu ya daskare a jikinsa, yana kankarewa da farce yana zubowa gari-gari. Nan fuskarsa ta canza, wasan ya ɗan ja baya.

"Kin ga abin da ya hana ni barci. Usaini ya ce wani abu ne ke cin lagireton daga ciki, kamar gishiri. Ya rantse ba ruwan da ya zuba mini ba ne. Ni kuwa ban taɓa zuba mata ko ruwan rijiya ba. Ina jin akwai mai yi mini hannu a tasha."

"Wa zai yi maka hassada, kai da ko hular kirki ba ka da ita?"

"Motar ake yi wa, ba ni ba. Ta zama raguwa, kullum cikin ciwo."

Wannan kalma ta raguwa ita ta soki Iya. A zage ta ta yafe, amma ba a zagin Goje a gabanta. Ta gyara zama, ta ɗaga murya yadda maƙwabta za su amfana.

"Kai ne rago. Kana ɗora masa kaya kamar ba rai gare shi ba, daga Gumel ka ce Gagarawa, daga Gagarawa ka ce Maigatari, ko sannu ba ka yi masa. Ba don kanwar da nake ba shi ba, da tuni ya daɗe da kwanciya."

Habibullah ya tsaya da murfi a hannu.

"Wace kanwa?"

"Jar kanwa mana, ta Nijar, mai kyau. Ka taɓa ganin an yi kiwo ba kanwa?"

"Iya, wa kike ba kanwa?"

"Goje."

"Goje na cikin tukunyar mutanen Kudu tun shekarun baya. Motar nan nake tambaya."

"To da wa nake magana? Duk jajibirin kasuwa nake ba shi. Ina jiƙa ta tun dare, da asuba kana can kana minshari in zo in ba shi. Haka kakanka Malam ke yi wa shanu in za su yi doguwar tafiya."

"Ta ina kike ba ta?"

"Ta inda kake ba shi ruwa. Ka ɗauka makauniya ce ni? Bakin nan nasa da igiyar roba kake ɗaure shi, ko akuya ta so ta kwance."

Ya dubi bonet ɗin da makullinsa ya daɗe da lalacewa, ya dubi igiyar roba, ya dubi kakarsa. Daga nan idonsa ya sauka kan ƙwaryar da ke gefen ƙafarta. Iya ta ɗan ja ta da diddige zuwa ƙarƙashin kujera, amma ta makara. Ya ɗaga faifan, sai ga ruwan kanwa ya jiƙu ya yi jajir, har da ɗan ludayi a ciki.

"Ta yau ke nan," in ji ta. "Jira nake ka shiga karin kumallo."

"Inna lillahi. Wata da watanni ina zargin mutanen tasha, na daina gaisa da Sajo mai faci saboda na ga yana yawan zagaya motar, ashe ɓarawon a ɗakina yake, har ina saya masa goro."

"Goron da rabinsa tsutsa ce? Kuma ka bar cewa ɓarawo. Ni ƙarawa nake yi, ban taɓa ragewa ba."

"An ce da yatsa shida aka haife ki aka yanke ɗaya. Wallahi ba wanda ya kamata aka yanke ba, na taɓe-taɓen ne aka bari."

"Ka yi mini shiru. Kai ba ka ga amfaninta ba? Tun da na fara ba shi, ba ka ga yadda yake shan ruwa ba? Dabba in ta samu kanwa ai sai ta buɗe ciki."

"Yoyo take yi, Iya. Ba sha take ba, zubarwa take."

"To ai shi ne, tana wanke ciki. Duk tsutsar da ke ciki sai ta fito."

"Tsutsa ɗaya ce a motar nan, ga ta zaune a kan kujera da ɗankwali."

Ya faɗi haka ne don a yi dariya, amma muryarsa ba ta ɗauki dariyar ba. Ya durƙusa a gabanta, ya miƙa mata murfin, ya kama yatsanta ya goga a kan farin abin. Ya ce ta tuna abin da kanwa ke yi wa tukunyar dalma in an bar ta ta kwana a ciki. Cikin lagireton nan, in ji shi, siraran hanyoyi ne da ba su fi tsinken tsintsiya ba, kuma irin wannan ƙarfen ne. Kanwa ta ci wasu, ta toshe wasu. Da jiya bai lura da allurar zafi ta haura ba, da yanzu sai dai a sayar da motar a kilo.

Iya ta san abin da kanwa ke yi wa tukunyar dalma, ta yi asarar guda biyu a rayuwarta. Ta dubi ruwan tokar da ke cikin daro, ta dubi farar motar, sai kunya da tsoro suka kama ta. Ita da ta sayar da Goje da hannunta ba ta yi kuka a gaban kowa ba, ashe da hannun nan nata take neman kashe abin da ya bari. Bakin da ba ya mutuwa, yau ya mutu na ɗan lokaci, har Habibullah ya ji ba daɗi.

"Tsohuwa, ko gumbar ce ta matso?"

"Uwarka ce ta matso," ta ce a hankali. "Zai tashi?"

"In an wanke cikin sosai, ina sa rai. Sai dai ruwan wankin ne matsala. Rijiyarmu zartsi ce, Usaini ya ce in na zuba ta kamar na ƙara wata kanwar ce. Ruwa mai daɗi ake so, marar gishiri. Bari in nemi ɗan acaɓa in je cikin gari."

Iya ta dafa gwiwa ta miƙe, ta shiga gida tana jan ƙafa. Akwai wata babbar randa a ƙuryar ɗakinta da duk gidan aka san ba a taɓawa. Ruwan sama ne na ƙarshen damina, wanda take tara da kanta ta tace ta rufe, domin ruwan zartsi na ɓata mata ciki, kuma ta ce shayin da aka dafa da shi wankin kwano ne. Ko Murja, matar Habibullah, da take ji da ita, ba ta isa ta tsoma moɗa a randar nan ba. Jim kaɗan sai ga Murja ta fito da bokiti cike, tana kallon mijinta da mamaki, Iya na biye da ita.

"Iya, ruwan randa ne fa," in ji Habibullah.

"Na ce maka na rijiyar Zamzam ne? Zuba."

"Ni da na sha moɗa ɗaya bara kika ce sai an kai ni gaban alƙali?"

"Kai ai ba ka da amfani. Shi kuwa yana ciyar da gida."

"To me za ki sha har wata daminar?"

"Zartsin da kuke sha kuka zama abin da kuka zama. Zuba, kada in canza shawara."

Ya rufe ɗan famfon ƙasa, ya cika lagireton da ruwan sama, ya tayar da inji ya bar shi ya ɗan yi ɗumi, ya kashe, suka jira ya huce. Ya kwance, ruwa ya fito fari-fari kamar tsarin wankin shinkafa. Murja ta sake kawo bokiti, aka sake. Iya na tsaye a kansa tana ba da umarni kamar ita ta ƙera motar.

"A hankali, kada ka shaƙe shi."

"Ba maƙogwaro gare ta ba."

"Kai ma ba hankali gare ka ba, amma ga shi ana lallaɓa ka."

Sai da randa ta kusa ganin gindinta sannan ruwan ya fito garau yadda ya shiga. Habibullah ya haƙa rami can bayan danga ya juye duk abin da ke cikin daro ya binne saboda dabbobi. Ya dawo ya sa mazurari, ya tuttula jan ruwan har ya cika, ya tayar da inji ba tare da ya rufe murfin ba. Ruwan ya riƙa ɓulɓulowa da kumfa, yana sauka yana ƙarawa.

"Ka gani ko? Gyatsa yake yi," in ji Iya. "Ya ƙoshi."

"Iska ce ke fita."

"To mene ne gyatsa, ɗan boko?"

Habibullah ya rufe murfin, ya shiga ya zauna yana kallon allurar zafi. Iya ta matso ta ɗora tafin hannunta a gefen motar, daidai yadda take ɗora shi a wuyan bijimi, bakinta na motsi. Rana ta ɗaga, inji na ta ruri, allura ta tashi a hankali ta zo tsakiya. Suka zuba mata ido, shi daga ciki, ita ta taga. Ta tsaya a nan ba ta ƙara ko kaɗan ba. Ya zagaya da motar har bakin titin Gumel ya dawo, allura na nan inda take.

"Alhamdu lillahi," in ji Iya, ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya. Da ta ga hankali ya kwanta kuwa, sai bakin ya dawo. "Ka ga aikin ruwana. Jan naka rakiya kawai ya yi."

"Na ji. Amma ga abin da zai raba mu faɗa."

Ya shiga ɗaki ya fito da sarƙa da ɗan kwado, ya cire igiyar roba, ya datse bonet, ya jefa makullin a aljihu. Iya ta bi makullin da kallo. Ta san gaskiyarsa ce, amma abin ya yi mata ciwo.

"Ka sa masa takunkumi ke nan."

"Ke na sa wa."

"To madalla. Da ma shi kaɗai ya rage da nake tashi da asuba dominsa. Yanzu sai in riƙa sallah ina komawa barci kamar ku."

Da sigar wasa ta faɗa, har da 'yar dariya, ta ɗauki ƙwaryarta ta shige gida. Habibullah ya daɗe tsaye a wurin yana juya makullin a cikin aljihu.

Washegari Iya ta yini kunnenta na kan hanya. Ba ta taɓa tuwon rana ba, ta ce wai miyar ce ba gishiri. Sai bayan la'asar ta jiyo rurin da ta sani tun daga nesa, ta fito ƙofar gida tana gyara ɗankwali don kada a ce jira take. Motar ta tsaya lafiya lau, ba hayaƙi ba tururi.

"Ka dawo? Na ɗauka sai an jawo ku da jaki."

"Mun je mun dawo allura ba ta motsa ba. Zo ki sauke kayanki, ni na gaji."

"Wane kaya gare ni? Yaushe ka fara sayo mini abu?"

Ta leƙa bayan motar. Wani ɗan maraƙi ne fari kwance a kan buhunan wofi, ramamme, duk haƙarƙari a waje, sai manyan kunnuwa da idanu. Ya dube ta, ta dube shi.

"Ga mai shan kanwa nan," in ji Habibullah. "Ki ba shi har ya gaji. Mota kuwa ki bar mini ita da jan ruwanta."

Iya ta miƙa hannu ta shafa wuyan maraƙin, ta ɗaga leɓensa ta duba, ta murza kunnensa. Idanunta suka kawo ruwa, ta sa gefen mayafi ta goge.

"Hayaƙin gas ɗin nan naka zai makantar da mutum."

"Na kashe injin tun ɗazu, Iya."

"To ƙurar buhu ce. Wannan abin a ina ka tsinto shi? Duk Maigatari ka rasa wanda za ka ɗauko sai mai kama da kai? Dubi ƙafafu kamar sillen kara."

"In ba kya so in mayar."

"Taɓa shi ka gani." Ta juya ta ƙwala kira cikin gida. "Murja, miƙo mini ƙwaryar nan ta jiya, tana ƙarƙashin gado."

"Ashe ba ki zubar ba?"

"Ana zubar da kanwa ne? Sauko mini da shi a hankali, kada ka karya shi."

Ya sungumo maraƙin ya dire a gabanta. Maraƙin ya miƙe yana tangaɗi, ya kai hanci ya shinshina zanenta. Iya ta kama igiyar ta naɗe a hannu, ta dubi jikanta sama da ƙasa, dariya ta ƙwace mata har ana ganin dasashi.

"To, Maigida, na janye ƙara," ta ce. "Yau kam ka yi cefane."